Lamba Daga Tashar Sama

Ranar da Yaya ya dawo daga zagayen tashoshin awon ruwa, ko zama bai yi ba ya ajiye mini wayarsa a kan tebur ya ce, "Auta, duba masaukan baƙonki."

Baƙon nawa shi ne rubutun umarnin da na shafe watanni ina yi, wanda mu a sana'a muke kira sikirif. Aikinsa ba shi da wuyar faɗi. Hukumar kula da kogi tana da tashoshi a jere, tun daga can sama cikin duwatsu har zuwa gadar garinmu. Kowace tasha tana da mai awonta, tana kuma da kwamfutar da ke zaman saba, wato wadda ke zaune tana jiran a buɗe shafi ta amsa. Mai awo zai duba sandar da ke kafe cikin ruwa, ya shigar da lamba a shafin tasharsa, rubutuna ya karɓa ya adana, sannan ya aika wa babban shafi inda kowa zai gani a wayarsa. Ni ce mai rubutu, Yaya shi ne mai jan waya da ɗaure ƙusa.

Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a saman shagon masu gyaran fanka, amma abin da na ƙera a cikinsa, ni kaina da na yi shi sai in buɗe in yi ta kallo. Taswirar kogin ce gaba ɗaya, shuɗiya, tana kumbura tana raguwa daidai da motsin ruwan. Kafin mai awo ya ɗage yatsa, lambarsa ta iso, ba sai ka sake buɗe shafi ba. Na ɗora abin a kan sabuwar kwamfutarmu, na yi amfani da duk wata dabara da take da ita, ban bar ko ɗaya ba.

Na fara duba hotunan Yaya ina murmushi, na gama ina salati. Kwamfutar tashar farko irin ta ofis ce, wadda wani kamfani ya gaji da ita ya bayar kyauta. Ta biyu ko allo ba ta da shi, tana ƙarƙashin tebur kusa da takalman roba. Ta uku wani ɗan akwati ne da bai fi sabulun wanki ba, an ɗaure shi a bango da igiya. Ta tashar sama kuwa, wadda ita ce ke fara ganin ruwa kafin kowa, wata dattijuwa ce da farin jikinta ya koma ruwan ƙasa. Yaya har ya raɗa mata suna, wai Kaka.

"Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya," in ji shi. "Kowacce da tsarinta, kowacce da yadda take so a yi mata magana."

"Ai a nan yana tafiya lafiya lau," na ce, ina nuna allona.

"A nan ɗin. Sai dai kogin ba ta kan teburinki yake bi ba."

Na harare shi, don na tsani mutum ya yi gaskiya yana dariya. Washegari na shiga kwamfutocin daga nesa, na aika musu rubutun ɗaya bayan ɗaya. Kaka ko buɗe ido ba ta yi ba. Harshen da na yi rubutun da shi tana jinsa, amma irin na zamaninta, sababbin kalmomin da na cusa duk baƙi ne a wurinta. Ɗan akwatin ya yunƙura zai zana taswira, numfashinsa ya ɗauke. Ta ofis ta karɓa, amma ta kasa gano inda fayiloli suke, saboda ita ba haka take kwatanta hanya ba.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce marar allon nan, domin ita ta yi aiki. Ga yadda abin yake: idan lambobi biyu suka iso a lokaci ɗaya, dole ɗaya ta jira, in ba haka ba su yi rubutu a kan juna, a rasa duka. A kwamfutata akwai sakata ta musamman don haka, ka ce a saka, a saka. Ita kuwa wannan, na ce ta saka sakata ta ce ta saka, alhali ko sakatar ba ta da ita. Na gwada aika lambobi biyu tare, sai ga shafin yana sanar da ni cewa kogi ya ƙafe ƙaƙaf. Na daɗe ina kallon wannan sifirin. Gara wadda ta ƙi aiki a fili sau dubu.

Yaya ya ce, "To ki rubuta wa kowacce nata mana. Kaka nata, ɗan akwati nasa. Taswirarki ta zauna a inda za ta iya zama."

"In na gyara kuskure a ɗaya na manta da sauran fa? Sai ranar da ake neman abin zai fito ya gaishe mu."

"To a sayi sababbi."

Mun tambaya. Hukuma ta ce abin da ke ƙasa shi ne ke ƙasa.

A ƙarshen makon na je gaida Inna, mahaifiyarmu, kaina cike da wannan lissafi. Gidanta yana unguwar gangare, inda in ka tsaya a ƙofar baya kana jin kogi yana wucewa. A nan ta haife mu, a nan kuma Baba ya rasu bayan ya ƙare ƙarfinsa yana awon ruwa a tashar gada. Tun rasuwarsa muke lallashinta ta dawo wajen Yaya a kan tudu, ko da na damina ne kawai, amma ko gezau. An taɓa kwashe su ita da maƙwabtanta saboda jita-jitar ambaliya, suka kwana a makaranta a kan benci, suka dawo suka tarar ko raɓa ba ta shiga gidan ba. Tun daga ranar ta yanke hukunci.

"Ni ba na tashi don wani ya ce an ce," ta gaya mini tana tace shayi. "Babanku ya nuna mini abu ɗaya. A sandar tashar sama akwai jan layi. In ruwa ya haura shi, kafin yini ya raba yana cikin ɗakin nan. In bai haura ba, ko duk gari zai gudu ni ina zaune. Ki kawo mini lambar tashar sama, in ga ta wuce jan layi, ni da kaina zan riga ki fita."

"Inna, in lambar ba ta zo ba fa?"

"Ba ke ce mai kawo ta ba? Me kike yi a saman masu fanka tun safe har yamma?"

Na koma ofis na zauna a gaban taswirata. Tashar sama ita ce Kaka. Duk kyan abin da na yi, in bai tashi a kan Kaka ba, bai amfani Inna da komai ba.

Sai na fara yanka. Wallahi na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Na cire taswira. Na cire dabarar da ke sa lamba ta iso da kanta, ya zama sai mutum ya sake buɗe shafi kafin ya ga sabuwa. Na cire duk wani abin aro da sai an sauko da shi daga wani wuri, na koma ga tsofaffin kalmomin da kowace kwamfuta ta sani tun tana ƙarama. Na hana rubutun dogara da sunan na'ura ko danginta, na koya masa ya gwada abin da za ta iya kawai, ya yi aiki da shi. Maganar sakata kuwa, dabarar mutanen da na ɗauko: kafin ya yi rubutu sai ya ƙirƙiri wata folda da babu komai a ciki, in ya gama ya goge ta. Wanda ya zo ya tarar da foldar ya san da wani a ciki, sai ya dakata, kamar yadda ake ganin takalmi a ƙofar banɗaki. Abin ba shi da sauri, ba shi da kyan gani, amma babu kwamfutar da ba ta iya ƙirƙirar folda ba.

Kullum rubutun ramewa yake yi. Yaya yakan leƙo ta kafaɗata ya ce, "Auta, ki bar masa ko ɗan kunne mana." Da na gama, duk abin ya koma fayil ɗaya tak, shafin kuma farin fili da baƙin rubutu: sunan tasha, lamba, lokaci, saura nawa a kai jan layi, da ɗan gurbin da mai awo zai iya rubuta bayani in yana da shi.

Ranar da na sake aika shi ba zan manta da ita ba. Da hantsi ne, masu fanka suna ta buga guduma a ƙasa. Na tura wa ta ofis, ta amsa. Marar allo ta amsa, na jefa mata lambobi biyu tare, ta jera su ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Ɗan akwati ya amsa. Na tura wa Kaka na riƙe numfashi. Ta yi shiru har na fara cije leɓe, can sai ga layi ya fito a saman shafin, da lambar da mai awon tashar sama ya shigar da hannunsa. Kalmomi ɗaya ne, ban canza ko ɗigo ba, ga su suna aiki a cikin na'urorin da ba su san juna ba, a ɗakunan da ban taɓa takawa ba. Wani dattijo a cikin duwatsu ya sunkuya ya dubi ruwa, ni kuma ina nan a kujerata na san abin da idonsa ya gani. Na kira Yaya ya zo ya tsaya a bayana, ya ƙura wa allon ido.

Shugaban hukuma dai bai ji abin da muka ji ba. Da muka nuna masa, ya gyara tabarau ya ce, "Shi ke nan? Wannan ai kamar takardar magani. Ina taswirar da kuka nuna mini da farko?" Na yi masa bayani, ya saurara da rabin kunne, ya sa hannu yana tsaki. Yaya ya sake zagaya tashoshin, ya bar wa kowane mai awo kwafin fayil ɗin a filashi, wato ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, don ko kwamfuta ta yi gardama a sake ɗora mata.

Damina ta zo da nauyi a shekarar. Aka jera kwanaki ana ruwa a can sama, mu a gari sai yayyafi da sararin sama mai duhu. Wata safiya na farka na buɗe shafi, na ga saura ƙasa da kamu ɗaya ruwan tashar sama ya taɓa jan layi. Na kira Yaya na ce ya aro motar masu fanka ya same ni a gidan Inna.

A ranar ce na ɗanɗani kuɗar abin da na yanke. Duk garin ya taru a kan shafin, kowa yana sake buɗewa yana sake buɗewa, tunda lambar ba ta zuwa da kanta. Rubutun nawa mai ladabi yana sa kowa layi, shafin ya koma tafiyar hawainiya. A bakin layin su Inna na ji mai shagon kusurwa yana cewa, "Wane ne ma ya yi wannan abin? Kafin ya buɗe ai mun nutse." Na wuce kaina a ƙasa. Da taswirata ce, da mutane sun ga shuɗin yana kumburowa da idonsu, da wasu sun fi saurin ɗaure kaya. Wannan gaskiya ce, kuma har yau tana ci mini rai.

Na tarar da Inna a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, tana ɗinke hannun wata tsohuwar riga. Maƙwabta suna ta fitar da katifu, ita ko a jikinta.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. Ya haura?"

"Saura kaɗan."

"To saura kaɗan ai bai haura ba. Zauna, kin tsaya mini a kan haske."

Na zauna a kan turmi ina ta danna waya. Da ƙyar shafin ya buɗe. Sauran tashoshin duk sun sabunta lambobinsu, tashar sama kuwa tana nan a kan ta ɗazu. Na sake buɗewa, ita ce dai. Na gwada shiga Kaka daga nesa, babu amsa. Na kira wayar mai awon, ba ta shiga, Yaya da ya iso da motar ya ce tun safe layin waya ya ɗauke a wancan yankin gaba ɗaya.

"Inna, tashar ta yi shiru," na ce. "Shirun nan ba alheri ba ne. Don Allah ki tashi mu tafi."

"Shiru ba lamba ba ne. Wataƙila wuta aka ɗauke musu."

Yaya ya durƙusa a gabanta, mutumin da furfura ta fara fito masa. "Inna, mota tana waje. Ki ɗauka ziyara kika je. In babu komai ni zan dawo da ke da kaina kafin la'asar."

"Haka kuka ce wancan karon." Ta ciji zare ta tofar. "Na gaya wa ƙanwarka sharaɗina, ta kuma amsa."

Raina ya ɓaci har na ji hawaye. Na yi fushi da ita, na yi fushi da Baba da ya bar mata wannan jan layin ya tafi, na yi fushi da Kaka da ta zaɓi yau ta mutu. Yaya ya ja ni gefe ya raɗa mini, "Ki ce mata ya haura kawai." Na dubi Inna. Matar da ta yi zaman aure da mai awo, ita za a yi wa ƙaryar lamba? Sai ta ce a ba ta wayar ta gani, daga ranar kuma ba za ta ƙara yarda da bakina ba, ko da gaskiyar ce ta zo. Na girgiza kai.

Rana ta yi sama a bayan gajimare. Unguwa ta fara yin shiru, irin shirun da ke sa ka ji ƙarar kogi sosai. Ni dai ina ta buɗe shafi, yatsana har ya yi tsami. A wani buɗewar da ban sa rai da komai ba, sai na ga layin tashar sama ya canza.

Ruwa ya haura jan layi da kusan kamu biyu. A gurbin bayani kuma an rubuta: "Tasha ta nutse da kwamfutar. Na hau asibitin kan tudu. Malamar jinya ta sa filashi a tasu. Daga nan ina hango sandar. Ku tashi."

Na karanta, na sake karantawa. A ƙasan kowane layi rubutun yakan faɗi irin na'urar da yake kai, don amfanin kaina in ana neman matsala. Na duba. Wani tsari ne da ban taɓa gwada shi a kai ba, ban ma taɓa zama a gaban irinsa ba. Kwamfutar ƙaramin asibiti ce, wadda aka ajiye don ma'aikata su riƙa buɗe bayanan marasa lafiya, tana da hanyar sadarwarta daban. Dattijon nan ya hau tudu cikin ruwan sama da filashi a aljihu, wata mata da ba ta san ni ba ta kwafe fayil ɗaya ta ajiye, shi kuma ramammen rubutun nan ya buɗe ido a baƙon ɗaki, ya laluba ya ga abin da ke akwai, ya kama aikinsa. Bai nemi taswira ba, bai nemi sakata ba, bai nemi ni ba. Ni na rubuta shi, na san kowane layi a cikinsa, amma a wannan lokacin na ji kamar ina kallon abin da ya fi ƙarfin hannuna. Na ce, "Ikon Allah."

Na miƙa wa Inna wayar. Ta ajiye allura, ta nisanta allon daga idonta yadda take yi, ta bi layin da yatsa a hankali. Ta daɗe a kan lambar.

"Kamu biyu," ta ce. "Babanku bai taɓa ganin haka ba."

Ta miƙe ba tare da ta dafa kowa ba. Cikin ɗan lokaci ta fito da jaka ɗaya, ashe a ɗaure take tun tuni a bayan ƙofa. Ta ce Yaya ya ɗauki keken ɗinki, ni in leƙa gidan tsohon da ke maƙwabtaka da ita in gaya masa lamba ta zo, don shi ma ita yake jira. Na fita da gudu, na buga ƙofarsa, na buga ta gaba da ita, ina faɗin lambar da ƙarfi kamar mai talla.

Da na dawo na tarar da abin da ban gane ba. Inna tana bi ɗaki ɗaki tana buɗe ƙofofi. Ta buɗe ta ɗakinta ta tokare da dutse. Ta buɗe ta ɗakin Baba, wanda tun rasuwarsa ba ta bari a shiga sai ranar shara. Ta buɗe ƙofar baya mai kallon kogi, iska mai sanyi ta shigo da warin laka.

"Inna, ba kullewa za ki yi ba?"

"In ya zo ya tarar a kulle, bangon zai ture," ta ce. "Bar masa hanya ya shiga ya fita. Wataƙila ya bar mana ginin."

Muka fito. Ƙofar gidan ma ta bar ta a wangale, kana hango tsakar gida tun daga titi, da rigar da ba ta gama ɗinkewa ba a kan kujera. Ta tsaya a bakin mota, ta zaro makullin gidan, ta ƙulle shi tam a bakin zaninta, duk da babu abin da ta kulle. Sannan ta ce wa Yaya ya ja, ba ta waiwaya ba.